Kwana Bakwai a Rumfar Saratu

Abin nan ya faru ne rani biyu bayan tsutsar da ta cinye tumatir tun daga Kadawa har Bunkure, wadda ta sa manyan manoma suka zauna a bakin gona suna kallon ganye kamar an bi shi da wuta. A shekarar ce aka rufe mana ruwan kanal don a yashe shi, har muka koma ɗibar ruwan jiƙa shinkafa a rijiyar bayan masallaci, kuma a shekarar ce dai 'yata Rabi ta haifi 'yan biyunta. Ku dubi tsayin Hassana da Usaina yanzu ku lissafa da kanku. Ni ban san shekarun boko ba, kuma rashin saninsu bai taɓa sa na ɓatar da kwana ɗaya ba. Rabin ce ma ke rubuta wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini baki.

Abin da ya sa na ce a rubuta, na ji ana gaya wa jikokina a gidan biki wai kakarsu ta taɓa yin wanke-wanke a bakin titi saboda mijina Malam ya kasa riƙe gida. To ku 'ya'yana, ku saurara. Wanke-wanke na yi shi, kwana bakwai cur, da hannun nan nawa. Amma a ranakun nan rumbun babanku cike yake da dawa, ga awaki a turke, ga albasa a gona. Ba yunwa ce ta kai ni ba.

Mu shida ne a unguwarmu muke gyaran shinkafa: ni, da aminiyata Uwale wadda muka yi wasan ƙasa tare, da Dije, da Kulu, da Asabe, sai Tabawa, ƙaramarmu, wadda mijinta ya rasu ya bar mata yara huɗu. Mu sayi shanshera a hannun manoma, mu jiƙa, mu turara, mu shanya, mu kai inji a casa. Duk Kura in ana maganar turara ba a tsallake sunana, wannan ko maƙiyina ya sani. Da hanci nake gane ta yi, tun kafin a ɗaga buhun da aka rufe gangar da shi. Shekara da shekaru wani dillali mai suna Ɗan'azumi shi ke zuwa ya kwashe abin da muka gyara, ya faɗi abin da ya ga dama, mu ce mun gode. Sai wata rana na je Kano dubiya, na ratsa ta kasuwa, na ga shinkafa a wani buhu mai zanen tsuntsu da rubutun Turawa. Na sa hannu na damƙo. Wallahi tawa ce, na san ta kamar yadda na san fuskar Rabi. Na tambayi mai shagon nawa, da ya faɗa sai da na nemi benci na zauna.

Ko mayafi ban cire ba da na dawo, na aika aka kira mini su biyar ɗin.

Na ce, “Daga yau mu za mu sayar da abinmu. Ƙafa muna da ita, baki kuma Allah ya ba mu har ya yi yawa.”

Uwale ta rangaɗa guɗa sai da kaji suka watse. Ranar ba wadda ta yi tuwo da wuri. Alhaji Sule, ƙanin Malam, mai injin casa, ya ba mu aron ɗakin da ke bayan injinsa, muka yi ta turara muna jerawa har buhuna suka kusa taɓa rufi. Waɗanda muka sa a gaba su ne mata masu sayar da abinci a bakin titin Zariya, daga Kura zuwa Garun Malam, musamman Kwanar Gafan inda kasuwar tumatir ke ci da rani. A can motoci ke zuwa daga kudu, ga direbobi, ga masu lodin kwanduna, kowa da cikinsa, kuma duk tukunyar da ka buɗe shinkafa 'yar waje ce a ciki. Muka ce ai waɗannan da sun ga tamu shi ke nan.

Kai, jama'a! Sati biyar muna fita, kowace da 'yar jakarta ta samfur, ɗakin nan bai san an taɓa shi ba. Uwale in ta isa rumfa sai ta baje shinkafa a tafin hannu ta fara kirari, doguwar ƙwaya, ba baƙi, ba karyayya, har mai rumfar ta juya mata baya ta ci gaba da zuba miya. Dije kuwa gaisuwa ce ke cinye ta. Ta tambayi maigida, ta tambayi yara, ta tambayi kaka, a zuba mata abinci ta ci, kunya ta hana ta faɗin abin da ya kawo ta, ta dawo mana da ƙoshi. Kulu duk wadda ta ce mata 'yar Hausa tana da tsakuwa sai an raba su. Asabe tun ba a taya ba take ragewa. Tabawa kuma sai ta tsaya daga nesa da jakarta, in ba a kira ta ba har la'asar ba za ta matso ba. Ni kaina, da nake yi musu faɗa kullum, ban fi su da komai ba. Abin da na iya shi ne in sa mutum ya ciza ƙwaya ya ji ƙarfinta, sai ya ciza, ya ce madalla, ya miƙo mini abata.

Rannan Alhaji Sule ya same mu a ƙofar ɗakin. Shi da ni dama ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba.

Ya ce, “Matar yaya, yaya kasuwa? Na ga ɓerayena sun yi ƙiba, sun ce in yi miki godiya.”

Na ce, “Ka gaishe su. Ai sun yi kama da mai gidansu.”

Ya yi dariya, sannan ya gyara murya. “To wasa a gefe, Kande. Shinkafar rani na nan tafe, ɗakin nan ina bukatarsa. Ranar da kasuwar tumatir ta tashi, in na tarar da buhu a ciki Ɗan'azumi zan kira ya kwashe, ku koma yadda kuke da. Ban faɗa don mugunta ba.”

Na san ba don mugunta ba ne. Na kuma san in Ɗan'azumi ya dawo ya same mu a durƙushe, abin da yake ba mu da ma sai ya rage, kuma ba macen da za ta ƙara bin bayana ko zuwa rijiya ne.

Washegari na shiga mota ni kaɗai na sauka Kwanar Gafan, na nufi rumfar wata mata da ake kira Saratu. 'Yar gidan Maguzawan bayan Madobi ce, iyayenta sun shiga coci tun tana goye, ta girme Rabi da kaɗan. Rumfarta ba ta fi ta kowa girma ba, amma bencinta ba ya sanyi. Na yi sallama, na baje mata shinkafa a hannu, na buɗe baki zan fara, sai ta tare ni.

“Inna, kin zo, ƙawarki mai kirari ta zo, mai faɗan nan ma ta zo. Shinkafarku kyakkyawa ce, na gani. Amma ni ba ɗanya nake sayarwa ba. Ruwa nawa take sha?”

Na ce, “Ruwa? Ai ido ake sawa.”

“A tukunyar gida ke nan. Dubi tawa.” Ta nuna mini wata tukunya da yaro zai iya kwanciya a ciki. “Kwano goma sha biyu nake zubawa da asuba. In ta caɓe, ko ta ƙi nuna a ciki, direbobin nan rumfar gaba za su wuce, kuma wanda ya wuce ba ya dawowa. Wadda nake dafawa na san halinta ko idona a rufe. Taki fa? In na sauke ta da hantsi na juye a kula, yaya za ta kai la'asar? Kin taɓa gani?”

Shekara arba'in ina turara shinkafa, yarinyar nan ta yi mini tambaya uku ban amsa ko ɗaya ba. Na tattara 'yar jakata na fito. A cikin mota raina ya fara ɓaci, kafin mu kai Kura ɓacin ya juye ya zama wani abu kamar zazzaɓin murna, har na dafa kafaɗar matar da ke gabana na ce, “Ashe haka ne!” Ta waiwayo tana dubana kamar na taɓu. Na gane mu shida ɗin nan mun san shinkafa daga gona zuwa buhu, amma daga buhu zuwa farantin direba ba mu san komai ba, kuma can ne ake sayenta.

Bayan magariba na kai wa Malam tuwo, na zauna, na ce ina so ya bar ni in je in yi wa mai abinci aiki kwana bakwai, ba lada. Ya daɗe yana tauna.

Ya ce, “Kin san abin da za a ce.”

“Na sani.”

“Ni za a zaga, ba ke ba.”

“Na san wannan ma, Malam. In ka ce a'a, na zauna.”

Ya wanke hannu, ya ce, “Ki dawo kafin magariba kullum. Kuma in kin koyo, ki fara gwadawa a tukunyar gidan nan, don ni ma na gaji da caɓaɓɓiya.” Allah ya jiƙan babanku. Mutum ne da bai cika magana ba, amma in ya yi ta sai ka yi kwana uku kana juya ta.

Wurin Uwale ne abin ya tsaya. Da na gaya musu cewa zan fara, in na gama kowace za ta je ta yi nata satin, sai ta miƙe tsaye.

“Kande, kin haukace? Mu da jikoki, mu je mu durƙusa a bakin titi muna wanke kwanon da direba ya tofa ƙashi? A rumfar wadda ko alwala ba ta yi? Ni 'yar gidan liman ce.”

Na ce, “Aminiya, sati biyar kina yi wa matan nan kirari, wa ya saya?”

“Gara kada a saya! Sayarwa muka ce za mu yi, ba bauta ba.”

“To ba ki iya sayarwar ba. Ni ma ban iya ba.”

Wannan kalma ita ta yi ɓarna. Da na faɗe ta muna mu biyu da wataƙila ta wuce, amma a gaban ƙannenmu na faɗa, ga Uwale kuwa duk unguwa an san ta da baki. Ta yafa mayafi ta fita. Kafin sati ya zagayo ta sa an kwashe buhunanta daga ɗakin an kai wa Ɗan'azumi. Kuma ba zan ɓoye muku ba, maganar nan ta cewa Malam ya gaza daga zauren gidansu ta fara fitowa.

Ni dai da asuba na kama hanya. Saratu da ta gan ni da tsohon zane a ɗaure sai ta riƙe baki.

“Inna, da gaske kike? Ni in sa ki wanke-wanke? Uwata za ta tsine mini.”

Na ce, “Ba ki sa ni ba, ni na sa kaina. Ina soso?”

Ta ba ni. Ta kuma shimfiɗa mini tabarma a bayan rumfa da buta, in azahar ta yi ita ke cewa, “Inna, an kira, ajiye kwanon nan.” A bakin bahon wanke-wanken nan na ga abin da ban gani ba sati biyar ina yawo da jaka. Na ga ashe mu da rana tsaka muke zuwa talla, daidai lokacin da mai abinci ba ta jin ko sunanta, ga mutum goma na miƙo mata faranti. Lokacin da kunnenta ke buɗe shi ne bayan la'asar, in an kife tukwane ta zauna tana matsa ƙafa. Na ga yadda tsakuwa ɗaya tak a bakin mai lodi ke sa ya tashi ya yi shela har rumfa uku su ji. Na ga abin da ake bari a faranti da abin da ake sharewa tas, don ai ni ke wankewa, faranti kuwa ba ya yi wa mai wanke shi ƙarya game da girkin ranar. Na ga kuma Saratu ba ta taɓa tambayar tsawon ƙwaya ba. Auki take so, da shinkafar da za ta yini a kula ba ta kama jikinta ba.

A rana ta huɗu na roƙe ta ta bar ni in dafa tamu a ƙaramar tukunya. Na zuba ruwa daidai yadda take zuba wa 'yar waje. Da aka buɗe, innalillahi, kamar za a tuƙa. Wani direba mai ƙaton ciki ya leƙa ya ce, “Saratu, yau tuwo aka yi mana? To ina kuka?” Duk bencin ya kwashe da dariya. Ni Kande, da ake aiko mini amare in koya musu girki! Na ji kamar ƙasa ta tsage. Na ɗauki tukunyar na kai bayan rumfa, na zauna na ci kayana ina ƙwalla. Washegari na rage ruwa, ta ƙi nuna. A rana ta shida na auna da kwano, ba da ido ba, na rufe, na janye itace da wuri, ta fito wara-wara tana sheƙi. Muka juye a kula, muka bar ta. Duk bayan sa'a sai in je in ɗaga murfi kamar mai jego. La'asar ta yi tana nan yadda take. Direban nan mai ciki shi ya cinye ta ƙarshe, ya ce a ƙara masa, bai san ita ce ya yi wa dariya ba. Na tashi na taka rawa a bayan rumfa da soso a hannuna, Saratu na buga mini bayan kwano. A rana ta bakwai muka dafa a babbar tukunya, da yamma ta ce in kawo mata buhu biyu.

Daga nan wuta ta kama. Dije, Kulu, Asabe da Tabawa kowace na nemar mata rumfa ta je ta yi satinta. Mijin Asabe ya so ya hana, Malam ya taka har gidansa, ban san abin da ya gaya masa ba. Muka canza komai. Duk turarar da aka caso sai mun rege ta tas, mun ɗebi kwano ɗaya mun dafa, mun ga ruwan da take sha, don ta Dije da ke shanya a siminti ba ta shan ruwa ɗaya da ta Kulu da ke shanya a tabarma. Sai mu ja zane da gawayi a bakin buhun, adadin kwanon ruwan da take sha, kowace ta san abin da za ta faɗa in an tambaye ta. Da yamma kuwa tsakar gidanmu ya zama kasuwa. In ɗaura ɗankwali a goshi in zama mai abinci mai masifa, su zo ɗaya bayan ɗaya su sayar mini.

In ce wa Kulu, “Ke tafi can, 'yar Hausa duk tsakuwa ce!”

Sai ta zaburo, “Tsakuwar uwa...”

“Kin faɗi! Koma ki sake shigowa.”

Sau shida na kore ta rana ɗaya, yara na kan katanga suna dariya, kafin ta koyi cewa, “Gaskiyarki, ana samu. Ga tamu, kawo ƙwarya in rege a gabanki, in kin ga ɗaya na tafi.” Dije na yanke mata gaisuwa, na ce maigida da yara sun ishe ta, kaka ta jira sai an gama ciniki. Asabe na ce in ta ƙara ragewa ba a taya ba zan ɗinke mata baki da zaren buhu. Kuma na hana kowa yabon shinkafa. Ki fara tambayar mace tukunyarta kwano nawa ce, yaushe take saukewa, me ke ba ta haushi da wadda take dafawa. In ta gama faɗa, ki ce mata gobe da asuba za ki zo ku dafa tukunyar farko tare, ba za ki tafi ba sai an kife ta. Wannan tukunyar farko ita ce sirrinmu. Mace ba tsadar shinkafa take tsoro ba, tsoron kunyar rana ɗaya take, to sai ki tsaya kusa da ita a ranar.

Buhuna suka fara tafiya, biyu nan, ɗaya can. Amma kwanduna sun fara raguwa a kasuwa, zafi ya shigo, rabin ɗakin na nan. Wadda za ta iya kwashe shi mace ɗaya ce, Hajiya Gaje, mai ciyar da masu lodi, tukwane uku manya take ɗorawa kullum. Bakinta kuwa ko 'yan kamasho tsoronsa suke. Ita ta taɓa korar Kulu da muciya. A rumfarta Tabawa ta yi satinta, kuma da yake ba ta magana sai aiki, Hajiya ta saba da ita. Rannan Tabawa ta zo mini tana haki.

“Yaya, ta yarda. Tukunya ɗaya, gobe. Ta ce in ta ɓaci kada ta ƙara ganin ƙafar 'yar Kura a rumfarta.”

Na ce, “Alhamdu lillahi! Ni zan dafa.”

Ta sunkuyar da kai, ta ce a hankali, “A'a, Yaya. Ni zan dafa.”

Na dube ta. Yarinyar da ko sunanta aka tambaya sai ta dubi ƙasa! Na ce to, amma zan bi ta.

Da asuba muna can. Tabawa ta duba zanen gawayi, ta fara auna ruwa, ina ƙirgawa a zuci. Sai na ga ta tsaya saura kwano biyu. Na matsa na ce mata a kunne, “Ke, bai kai ba.”

Ta ce, “Ya kai, Yaya.”

“Ni na ja zanen nan da hannuna.”

“A murhunki kika gwada. Hajiya da buhu take rufe tukunya kafin ta sa murfi, tururi ba ya fita. Kuma kulolinta manya ne, a ciki take ƙarasa nuna. Kwana bakwai ina kallo.”

Ga bokitin ruwa kusa da ƙafata. Wallahi hannuna har ya kai kan kwano. Duk abin da muka tara yana cikin tukunyar nan, ga ni na fi ta shekaru, na fi ta sanin shinkafa, kuma ni na koya mata. Hajiya Gaje na zaune kan kujerarta tana kallonmu tana cin goro.

Ta ce, “Tsohuwa, ke ce mai girkin ko ita? Ni ba na son tukunya mai uwa biyu.”

Na saki kwanon. Na koma can gefe na zauna kan wani kwando, na cusa hannuwana a ƙarƙashin cinya don kada su ci amanata. Ban taɓa jin daɗewar dahuwar shinkafa irin ta ranar ba. Na yi salati, na yi istigfari, na yi wa Tabawa faɗa a zuci, na ba ta haƙuri a zuci. Da aka sauke aka buɗe na leƙa, na ga kamar da ɗan saura. Tabawa ko a jikinta, ta juye a kula ta danne murfi. Hantsi ya yi masu lodi suka fara zuwa, aka buɗe. Jama'a! Kowace ƙwaya tsaye da ƙafarta, ta kumbura ta cika kula har baki. Hajiya ta sa hannu ta ɗebo, ta murza, ta kai baki. Aka yi ta zubawa. Tukunyar da takan ƙare kafin azahar ranar sai da ta kai la'asar ana ɗiba, ta ƙarshen kuma kamar ta farkon.

Da aka kife tukwane Hajiya ta miƙe ƙafa ta ce, “Buhu nawa ya rage muku?”

Na yi wuf na buɗe baki. Ta ɗaga mini hannu.

“Ba da ke nake ba. Da wannan zan yi magana.”

Tabawa ta gyara zama, ta dube ta ido cikin ido, ta faɗa mata, ta kuma faɗi farashi ba ta rage ko kaɗan ba. Suka ja, suka ja, Tabawa na murmushi tana cewa, “Hajiya, ai kin ga aukin da idonki.” Ni ina kan kwando ina jin kamar in tashi sama. A mota da za mu koma na rungume ta na yi guɗa, kwandasta ya ce, “Inna, amarya aka kai?” Na ce, “Wuce nan, ɗan nema, abin ya fi amarya!”

Saura kwana biyu kasuwa ta tashi muka share ɗakin nan tas, har na yayyafa ruwa, na aika aka kira Alhaji Sule. Ya leƙa, ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

Ya ce, “Matar yaya, ɓerayena fa?”

Na ce, “Su je su yi wanke-wanke, su ma su koyi nema.”

Ɗan'azumi bai ƙara taka ƙofarmu ba. Da damina ta wuce mata goma sha ɗaya ne suka zo suna son shiga, kowace kuma sai da ta yi satinta a bakin baho kafin a ba ta jaka. Har yau haka ake yi, kuma Tabawa ce ke raba su rumfuna, don ni gwiwa ta zaunar da ni.

A cikin mutanen shekarar nan, Malam ya riga mu gidan gaskiya, Dije ta bi shi da wata biyar, Hajiya Gaje ma ta rasu ana azumi. Alhaji Sule na nan, kunne ya yi nauyi, sai na ɗaga murya yake jin zagin da nake masa. Kulu da Asabe na nan. Saratu ta bar titi ta koma garinsu, duk Kirsimeti tana aiko mini da zabi biyu, ni kuma in aika mata naman layya. Uwale ma tana nan da ranta, katanga uku ce tsakaninmu. Muna haɗuwa a gidan suna da gidan rasuwa, ta ce, “Kande, ina kwana,” in ce, “Lafiya lau, Uwale.” Tun ranar nan ba wadda ta ƙara ce wa 'yar'uwarta aminiya.